Wakena a Injin Ƙyanƙyasar Gwaggo

A shekarata ta ƙarshe a jami'a akwatin ɗumama tsiro na ɗakin gwajinmu ya lalace. Da safe muka shigo muka tarar da fitilarsa a mace, ƙaurin waya ya cika labo ɗin. Mai gyara ya zo ya kwance bayansa, ya leƙa, ya ce abin da ya ƙone ba a samunsa a Yawunde sai an aiko daga waje, kuma shi bai san ranar zuwansa ba. Mu uku muke aiki da akwatin. Sauran biyun a satin suka sauya batun bincikensu. Malamin da ke duba aikina, wani furofesa ɗan yammacin ƙasar, mai sanyin magana, ya kira ni ofis ya ce zaɓi biyu ne a gabana: ko in sauya batu, ko in jira baɗi. Na ce ya ba ni lokaci in yi tunani.

Batun nawa wake ne. A Birik aka haife ni, unguwar nan ta Yawunde da a takarda ake rubuta ta Briqueterie. Babana yana da shagon shadda da atamfa a bakin babban titi, shagon da ya gada daga mahaifinsa wanda ya zo daga Kano. Innata kuwa 'yar Garwa ce, har yau Hausarta da ɗanɗanon Fulatanci, kuma tun ina goye take suyar ƙosai a ƙofar gida. Yayanta ne ke noma waken, ya ɗoro shi a jirgin ƙasa daga Ngaundare. Wata shekara ina sakandare buhun ya iso rabi, ƙwayar duk a motse. Kawu ya ce zafi ne ya faɗo daidai lokacin fure, furen ya zube. Amma ya ce wani ɗan ƙaramin jan wake da kakarmu ke shukawa a bayan gida bai ko girgiza ba. Wannan maganar ta zauna mini a rai shekara da shekaru, ita ce kuma ta kai ni sashen nazarin tsirrai.

Abin da na karanta a can shi ne, duk aikin da ake yi a cikin ƙwayar halittar tsiro furotin ne ke yin sa. Shi furotin ana saƙa shi ne dogo kamar zare, sannan ya naɗe kansa ya ɗauki wata siffa tasa, kuma sai da wannan siffar yake aiki. In zafi ya yi yawa naɗin kan warware, zarurrukan su manne da juna su dunƙule, kamar yadda farin ƙwai ke daskarewa a kasko. Amma tsiro ba ya zama ya zuba ido. A sashen da ake naɗin akwai masu taya naɗi, akwai kuma mai gadi. Idan ɓatattun furotin suka taru, mai gadin kan farka, ya yanke wani ɗan guntu daga wani saƙo da ke ajiye, yankan ne ke sa saƙon ya fara aiki. Daga nan sai cibiyar ƙwayar ta ƙaro masu taya naɗi, ta sa a kwashe waɗanda suka fi ƙarfin gyara a narkar, a kuma sassauta sabon aiki har ƙura ta lafa. Tsiron da ya ɗanɗani matsakaicin zafi ya huta, yakan shiga babban zafi a shirye. Ni so nake in ga wannan da idona a waken kawu, in kuma gwada jan waken da farin.

To, ga shi ba akwati. Yawunde kuwa gari ne mai sanyi da ruwan sama, ba za ta taɓa ba ni zafin Garwa ba.

Ran Juma'ar makon Inna ta aike ni gidan gwaggo da kwanon abinci. Gwaggo yayar babana ce, tana zaune a saman tudu ta wajen Ekudu, mijinta ya daɗe da rasuwa. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, shi ya sa ita da Baba ba sa kama sunana, sai dai su ce uwata. Sana'arta 'yan tsaki. A ɗan ɗakin da ke kusa da madafi tana da injin ƙyanƙyasa, wanda a unguwa ake kira kubez. Wani maƙeri ne a unguwar Nkomkana ya haɗa mata shi da gangar jikin tsohon firji: ƙwan lantarki a ƙasa, 'yar fanka a sama, da wani ɗan abu mai ƙas-ƙas da ke kashe wutar in ɗumi ya kai, ya kunna in ya sauka. Na sha ganinsa tun ina yarinya ban taɓa kula shi ba. Ran nan na same ta tana juya ƙwai, iskar ciki ta bugi fuskata, sai na tsaya da kwano a hannu. Na tambaye ta nawa ne zafinsa. Ta faɗi lambar da Faransanci kamar yadda kowa ke yi a wurinmu: talatin da takwas ba kaɗan. Daidai matsakaicin zafin da nake nema ke nan.

Na ajiye kwanon na fara yi mata bayanin abin da nake so in yi da injin. Ta bar ni har na gama, tana ta juya ƙwanta. Sannan ta ce ita ba ta gane dalilin da zai sa mutum ya wahalar da wake da gangan ba, kuma ba wanda zai riƙa buɗe mata ƙofa yana shigar wa ƙwai da sanyi. Na dawo gida na gaya wa Baba.

Baba ne ya hau tudun bayan sallar la'asar washegari. Ban san abin da suka tattauna ba. Da ya dawo ya ce gwaggo ta yarda, amma da sharaɗi: sai tsakanin ƙyanƙyasa da ƙyanƙyasa, 'yan kwanakin da take wanke injin ta bar shi ya sha iska. In na wuce su, sai in jira wasu mako uku. Ya ƙara da cewa shi ma bai fahimci aikin ba, amma ya ga yadda nake tun ranar da akwatin ya lalace, kuma bai ji daɗin ganin ba.

Furofesa ya yi dariya da na kai masa maganar, ba ta raini ba. Ya ce tsiro bai san sunan na'ura ba, zafi kawai ya sani, amma dole in tabbatar wa kowa cewa ɗumin bai hawa bai sauka. Ya ba ni aron ma'aunin zafi guda biyu. Babban zafin kuwa, na arba'in da biyar, injin gwaggo ba ya kai wa nan, kuma ko yana kaiwa ba za ta bari a taɓa mata saitinsa ba. Sai na ɗauko ƙatuwar kular da Inna ke zuba shinkafa a ciki ranar biki. In na cika ta da ruwan zafi na surka har ma'auni ya nuna abin da nake so, tana riƙe ɗumin, sai dai in riƙa ƙara ɗan tafasasshe daga buta.

Gwajin farko a gwangwanayen tumatir na shuka waken, cikin jar ƙasar bayan gidanmu. Na raba su biyu, rabi suka shiga kubez, rabi suka tsaya a waje, daga baya duka suka shiga kula. Ba wanda ya mutu. Ko ganye ɗaya bai lanƙwasa ba. Ashe ƙasar ce ta tare zafin, bai kai ga saiwa ba, saman kuma iska na sanyaya shi duk lokacin da na ɗaga murfi. Inna ta leƙo ta ce ai sai in yi murna tunda duk sun rayu. Ni kuwa mutuwar rabinsu nake nema.

Na jira mako ukun. A karo na biyu na bar ƙasa, na bi gidajen maƙwabta na tara kwalaben mayonez, na dafa su, na shimfiɗa jiƙaƙƙiyar auduga a gindinsu na tsirar da waken a kai. Kwalba in an rufe ta aka nutsa a ruwa, zafi na shiga ko'ina. Wannan karon duka suka mutu, na kubez da na waje. Daga injin na ɗauke su kai tsaye na jefa a kula, ban ba su lokacin hutu ba, kuma na bar su a ruwan fiye da kima. Suka yi laushi kamar dafaffen alayyafo, bayan kwana biyu suka fara wari. Na zauna a tsakar gidan gwaggo ina wanke kwalabe ina hawaye. Lokacin miƙa aiki ya matso, in na sake jiran mako uku ba zan kai ba.

Gwaggo tana zaune a kujerar tsugunno tana jera sabon ƙwai a faranti, wanda za ta zuba da yamma. Matan da ke sayen 'yan tsakinta har sun san ranar da za su zo. Ta dube ni, ta dubi ƙwan. Ta ce in sake yi mata bayanin nan, amma a hankali, kada in sa Faransanci. Na yi. Na ce mata ɗumin da ke mai da ƙwai ɗan tsako, in aka ƙara shi kaɗan dafaffen ƙwai zai bayar, kuma abin da ke daskarewa a ƙwan irinsa ne ke cikin ganye. Bambancin kawai, ganye mai rai yana iya kiran masu gyara in an ba shi gargaɗi da ɗan lokaci.

Ta ɗauki farantin ta kai ɗaka.

"Ƙwai yana iya jiran mako guda in an sa shi a inuwa," in ji ta. "Je ki jiƙa wakenki, uwata."

A karo na uku na bi komai sannu. Na jera kwalabe kashi-kashi, farin wake da ja, waɗanda za su ɗanɗani kubez da waɗanda ba za su ɗanɗana ba. Da tsiron ya buɗe ganyen farko na sa rabi a injin da hantsi, na zauna a bakin ƙofa ina duba ma'auni ta ɗan gilashin da maƙerin ya sa. Ana cikin haka aka ɗauke wuta. Fankar ta tsaya. Gwaggo ko tashi da sauri ba ta yi ba, don ta saba. Ta sa na juye ruwan zafi a jarkoki biyu, muka tura su ƙasan injin muka rufe, muka lulluɓe shi da bargo. Ma'aunin ya sauka kaɗan ya komo, ya tsaya cak har lokacin ya cika. Na fito da kwalaben na bar su suka huta a inuwa zuwa washegari, sannan duka suka shiga kula.

Da suka fito ba ka iya bambanta su. Duka sun sunkuyar da kai, ganye ya yi yaushi. Na jera su a kan dakalin da ke samun hasken safe, na koma gida. Kwana biyu ina hawa tudun ina dawowa ba labari. A rana ta uku ina taya Inna miƙa ƙosai sai ga kiran gwaggo. Ba ta ko amsa gaisuwata ba ta ce in zo.

Na hau da gudu, zanina duk jar laka. Tana tsaye a gaban dakalin, hannu a ƙugu. Layin da bai shiga kubez ba ya kwanta, kara ya yi ruwan ƙasa ya narke a kan auduga. Layin da ya shiga kuwa ya miƙe. Gefen tsohon ganyen ya ƙone, amma a tsakiya ga sabon toho nan kore shar, ƙanƙane kamar kunnen ɓera. Jan waken ya fi farin miƙewa nesa ba kusa ba. Har a cikin waɗanda ba a yi wa gargaɗi ba, 'yan jajaye biyu-uku sun ƙi mutuwa. Na durƙusa ina duba kwalba ɗaya bayan ɗaya, ina dariya ni kaɗai. Gwaggo ta aika aka kira Baba daga shago, ya zo da tef ɗin awo rataye a wuya, ya sunkuya ya daɗe yana kallo. Ya ce ko shi da bai yi boko mai zurfi ba ya ga wannan.

Saura a nuna cewa mai gadin nan ne ya farka. Don haka sai an tsinki ganye a daidai lokacin da yake cikin ɗumi, a daskarar da shi nan take kafin saƙon ya lalace. Ƙanƙarar firji ba ta isa. Da na nuna wa furofesa hotunan a waya, ya cire tabarau ya goge ya mayar, ya ce zai nemo abin daskarewa. Wani abokinsa likitan dabbobi yana da ruwan sanyin da suke ajiye irin bijimai na barbara a ciki, ya ba shi aron tulu guda. Gwaggo ta ƙara mini kwanaki kafin ta zuba ƙwai, na tsirar da wani waken don tsinka da kuma maimaita gwajin.

Ranar Asabar ya iso Birik a taksi, duk gilasai a sauke, ya rungume tulun ƙarfen tsakanin gwiwoyinsa. Ya gaya mini shekara da shekaru yana tsayawa cin tsire a bakin titinmu, amma bai taɓa shiga lungun unguwar ba. Na yi masa jagora ta tsakanin shagunan teloli da masu ɗinkin hula, ana ta kallonmu. A ƙofar gida ya tsaya har aka yi masa iso. Gwaggo ta shimfiɗa masa sabuwar tabarma, suka gaisa da Faransancinta na kasuwa, ta ce sai ya ci abinci kafin a taɓa komai. Ya ci tuwon shinkafa da miyar taushe har ya nemi ƙari.

Da ya buɗe tulun, farin hayaƙi ya malalo ya bi ƙasa. Matan maƙwabta da suka leƙo ta katanga suka ja da baya, wata ta ce tafasa yake yi. Furofesa ya tsoma ganyen gwanda a ciki ya fito da shi, ya matsa, ya ruguje kamar gilashi. Aka yi ta salati ana dariya. Ni dai ina bakin kubez da almakashi: in buɗe, in tsinka, in sa a 'yar kwalbar roba, in miƙa masa ya jefa a tulu.

Sauran aikin a labo aka yi shi, kusan mako biyu ana niƙa, ana tacewa, ana juyawa a na'ura. A ƙarshe akan zuba abin da aka samu a wani farantin da ya yi kama da daskararren kamu, a sa masa lantarki, guntayen saƙon su yi tsere a ciki, gajere ya riga dogo. In mai gadi bai yanka ba, layi ɗaya za a gani. In ya yanka, wani layin zai fito a ƙarƙashinsa. Da azahar muka shiga ɗan ɗakin duhu ni da furofesa, ya kunna fitila mai ruwan shuɗi. A gurbin ganyen da bai ga ɗumi ba, layi ɗaya. A gurbin na kubez, biyu. A na jan wake, layin ƙasan har ya fi na saman haske.

Furofesa ya sunkuya ya duba layukan. Sannan ya ce da Faransanci: "Malama, kin samu." Bai taɓa kirana malama ba sai ranar. Na fito waje, rana ta kashe mini ido, na kira Inna na ce ta gaya wa kawu waken kakarmu ya fi saurin jin gargaɗi, kuma na gani da idona. Ta ce in bari ita za ta faɗa masa da Fulatanci, don ya fi shiga.

Ranar kare aiki, wadda muke kira sutunans, taksi biyu muka cika daga Birik. Baba ya rufe shago, ya sa farar shaddar da ya daɗe yana ajiya. Gwaggo ta zauna a layin gaba da mayafinta mai ruwan goro, jaka a cinya. Malamai uku ne alƙalai. Na yi bayani, na nuna hotunan kwalaben da na layukan. Da aka zo tambayoyi, babbansu, wata farfesa mai furfura da aka san ta da tsanani, ta ce ta ga a babi na biyu an rubuta injin ƙyanƙyasar kaji, tana so ta ji dalilin da zai sa ta yarda da sakamakon da ya fito daga tsohon firji. 'Yan ajinmu suka yi ƙus-ƙus a baya.

Na ce mata na auna ɗumin da ma'auni biyu, sama da ƙasa, daga farko har ƙarshe, kuma duk yana shafin ƙarshe, har da ranar da aka ɗauke wuta. Na ce na maimaita gwajin, ya sake ba da abu ɗaya. Sannan na ce injin da ke fitar da 'yan tsaki duk wata ba ya iya yin wasa da ɗumi, don in ya yi, mai shi ce za ta fara sani. Ta buɗe shafin ta bi shi da yatsa. Ta ɗago ta tambaya ko mai injin tana nan. Na nuna gwaggo. Farfesar ta ɗan sunkuyar mata da kai, gwaggo ta amsa da nata kan, kamar sun daɗe da sanin juna.

Aka fitar da mu, aka sake kiranmu, kowa ya miƙe tsaye. Da aka karanta sakamakon, mafi girman yabon da sashen ke bayarwa, Inna ba ta jira fassara ba, fuskata kawai ta duba ta rangaɗa guɗa a cikin zauren. Alƙalan suka yi dariya. Farfesar ta riƙe hannuna ta ce kada in bar jan waken nan, in nemo irinsa da yawa, akwai aikin shekaru a cikinsa, kuma tana so in zo ofishinta ranar Litinin.

Muna fitowa ruwa ya sauko, irin na Yawunde mai zuwa ba sallama. Taksin da muka samu ya kawo mu unguwar Mesa ya maƙale a cunkoso, direba ya ce ba zai iya shiga ba. Muka sauka muka taka. Baba ya tattare shaddarsa har gwiwa, Inna ta rufa wa kundin aikina leda ta sa a ƙarƙashin mayafi, ni na cire takalman da na saya don ranar na riƙe a hannu. Tun daga bakin unguwa masu tsire da teloli suke leƙowa daga rumfuna suna tambaya yaya aka yi, Baba yana amsa wa kowa ɗaya bayan ɗaya, ruwa na zuba daga hularsa, bai ko yi sauri ba.